Ruwan da Na Zubar a Bakin Rijiya

Daga mahaifiyarki Mariyama, a Zango, Damagaram, zuwa ga 'yata Zara'u, a Dogo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sa ɗakin da suka ba ki yana da ƙyaure mai kyau, ya tsare ki daga ciwon baƙon ruwa da sharrin bakin mutane. Babanki yana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da ya koyi riƙe biro a kur dadil, ajin yaƙi da jahilci na manya, bayan haihuwa biyar ba ya bin layi daidai. Na ƙi kai wa mai rubutun wasiƙa ne don abin da zan faɗa ba na so ya bi ta kunnen wani.

Ranar da kika hau mota ban ce miki komai ba sai ki riƙe salla, ki riƙe mutunci. Ga shi an ba ki lakwal guda, makarantar yara, ki riƙe, da mushe, wato malami, wanda ya girme ki, da matan da za su riƙa dafa wa yara abincin taimako, a shekarar da gero bai yi ba. Ya kamata uwa ta gaya wa 'yarta yadda ake riƙe mutane. Kwana goma ke nan ina juya maganar a raina, ban sami amsa guda da zan ba ki ba. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su zan ba ki.

Kin tuna lokacin da kike lise, babbar sakandare, wata rana ina tankaɗe kina ba ni labarin wani tsohon littafi da aka sa ku karanta? Ban riƙe sunansa ba. Abin da na riƙe shi ne wasu mutane sun shiga matsi, suka sami shugabanni biyu, ɗaya mai tara jama'a a yi shawara, ɗaya mai tsawa, kuma a hannun mai tsawar mutanen kirki suka koma kamar namun daji. Kika ce, "Inna, ashe mutum zai lalace haka don kawai an sake masa shugaba?" Na ce miki wannan halin wata ƙasa ne, mu nan muna da kunya da addini. Ƙarya na yi miki. Na ga irinsa a unguwar nan, kuma da hannuna a ciki.

A farin nan na farko ne, da ruwan sama ya ƙi sauka, shekarar da muka kai ki wajen kawunki a Mirya don can akwai lambu da ruwa. Shi ya sa ba ki san wannan ba. Ƙanenki Sani yana baya ina goyo. Famfo ya kan yi kwanaki bai ɗigo ba, rijiyoyin gidaje sun ƙafe, saura guda ɗaya a bayan masallacin unguwa. Ita ma tsattsafowa take yi, da asuba a sami ruwa, kafin rana ta take sai laka. Ga kuma mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare, sun zo sun kafa bukkokin tsumma a gindin duwatsu, su ma wannan rijiyar suke zuwa.

Da faɗan mata ya yi yawa, mai unguwa ya danƙa rijiyar a hannun Ya Falmata. Ba ki manta ta ba, tsohuwar ungozomar nan Babarbariya da ta yanke miki cibiya, ta yanke wa rabin unguwar. Ita kuma ta ce ni zan riƙa ja mata guga, don lokacin ina da ƙarfi.

Ya Falmata tabarma take shimfiɗawa a gindin bango. Ranar farko ta tara mu ta ce kowa ta faɗi abin da take gani daidai, har baƙin nan ta sa aka kira, wata mai jin Hausa ta yi magana a madadinsu. Aka tsaya a kan kowane gida tulu biyu, kowace bukka salka ɗaya, kuma wadda ta riga zuwa ita ce a gaba, 'yar gari ce ko baƙuwa. Duk matar da ta iso bakin rijiya sai ta gaishe ta da sunanta, ta tambayi yara. A makonnin farko, wallahi, wurin nan ya fi gidan suna daɗi. Muna cikin yunwa amma ana raha. Na ga 'yar gari ta aza wa baƙuwa kaya a ka.

Sai dai Ya Falmata ba ta iya cewa a'a ba. Wannan ta zo da kuka mijinta ba lafiya, a ƙara mata. Waccan ta ce ta yi baƙi daga ƙauye, a ƙara mata. Kowace ƙara sai an zauna an ji bakin kowa, rana tana yi, layi yana tsaye.

Ga kuskurena na fari. Wata safiya gwaggonki Asabe ta zo a makare, ta zagayo ta bayana ta ce a hankali, "Mairo, ki duba ni, ƙanwar mijinki ce fa." Na cika mata tulu ba ta bi layi ba. Washegari na cika mata uku. Ya Falmata ta gani, ta kau da kai. Da sauran mata suka ga mai jan guga tana da nata mutane, kowa ta fara neman hanyar zagaye. Ba a yi mako biyu ba ruwa ya fara ƙarewa da saura mata da yawa a layi.

Cikin waɗanda suka koma da tulu wayam kwana uku a jere har da maƙwabciyarmu Hansatu, mace mai kunya da ba ta iya turereniya ba. A rana ta ukun ta je ta ɗebo ragowar ruwan kududdufi na bayan gari, wanda ya yi kore. 'Yarta Binta, mai shekara uku, ta kamu da gudawa, kwana biyu ta rasu. Har yau ban sani ba ko tulun nan na uku da na ba Asabe shi ne rabon Hansatu. Na sha lissafa layin a kaina, wani lokaci ya fito haka, wani lokaci bai fito ba.

Don haka, Zara'u, ki kula da na kusa da ke fiye da na nesa. Dokar da kuka kafa, ba maƙiyinki ne zai fara taka ta ba, wadda take kawo miki fura ce. In kin ga an taka, ki yi magana ran nan, da murya ƙasa-ƙasa, amma ran nan. Da Ya Falmata ta ce mini "Mairo, mayar" sau ɗaya, da kunya ta hana ni sakewa.

Bayan sadakar uku ta Binta, Tabawa mai itace ta zo bakin rijiya. Kin san ta, har yanzu tana nan da muryarta. Lokacin mijinta ya rasu, ita kaɗai take riƙe da 'ya'ya huɗu da gatarinta. Ta tsaya a gaban tabarma ta ce, "Iya, da girmanki da komai, zaman tabarmar nan ya isa."

Ya Falmata ta ce, "Zauna, 'yar nan, mu ji bakin kowa."

Tabawa ta ce, "Bakin kowa muka yi ta ji har yarinya ta shiga ƙasa."

Sai ta juyo wajena ta miƙo hannu, don igiyar guga tana hannuna. Na dubi Ya Falmata, ita kuma tana duban ƙasa. Na miƙa igiyar.

Ban san ko miƙawar kuskure ce ba. Kullum in na ce kuskure ce sai in tuna Binta. Abin da na tabbata kuskure ne shi ne dalilin da ya sa na miƙa. Daɗi na ji da laifi ya faɗa kan tsohuwa. Duk unguwa ana cewa sanyin Ya Falmata ne ya kashe yarinya, ba wanda ya ambaci tulun Asabe, ni kuma na yi shiru, har na taya su cewa haka ne. Ta naɗe tabarmarta da kanta ta tafi gida, ban ko karɓar mata ba. In wata rana abu ya lalace a lakwal ɗinki kuma kin san da hannunki a ciki, ki faɗa kafin a ɗora wa wani. Bayan an ɗora, bakin mutum ya kan yi nauyi, kuma nauyin ƙaruwa yake yi kowace shekara.

Yanzu ga inda kaina yake ɗaurewa. Tabawa ta gyara rijiyar. Ta ja layi a ƙasa da ƙafarta, ta zo da tsumagiyar tsamiya, ta ce duk wadda ta tsallake ta sha. Asabe ta zo ta zagayo kamar yadda ta saba, Tabawa ta kore ta can ƙarshen layi a gaban kowa. Ita kanta Tabawa sai kowa ya ɗiba take ɗiba, sau da yawa na ga ta koma gida da rabin tulu. Ba ta taɓa fifita nata ba. Kafin rana ta yi zafi an gama, kowane gida ya samu. Hansatu ta samu. Ni na samu har na yi wa Sani wanka bayan kwanaki. Tun daga ranar ba ɗan unguwarmu da ya sake mutuwa saboda ruwa. In na ce miki ban so mulkinta ba na sake yi miki ƙarya. Na so shi ƙwarai.

Amma gaisuwa ta ɗauke a bakin rijiya. Kowa idonta yana kan tsumagiya. Ba a tambayar yara, ba a tambayar dalilin komai. In Tabawa ta ce haka za a yi, sai a ji sauƙi, don tunani ma wahala ne ga mai yunwa.

Sai aka ce ƙyanda ta shiga bukkokin gindin duwatsu. Tabawa ta ce baƙi su jira sai 'yan gari sun gama. Bayan kwanaki ta ce su tsaya nesa, a zuba musu abin da ya rage, wato laka. Bayan wasu kwanaki ta ce kada a ba su sam, su nemi wata rijiya, alhali duk mun san babu wata. Kowane mataki ƙarami ne a kan na bayansa, shi ya sa ba wadda ta ji lokacin cewa a'a ya yi. Muka daina ce musu baƙi, muka koma ce musu masu cuta. Matan da suka aza musu kaya wata biyu baya, su ne yanzu suke toshe hanci in sun gifta. Ni ma na toshe.

Wata rana da hantsi Tabawa ta zaga kai itace wani gida, ta bar ni da guga. Wata baƙuwa ta matso, siririya, da baƙin zane da ya koɗe, da goyo a baya, wani yaron kuma yana riƙe da gefen zanenta. Salkarta kawai ta buɗe. Wadda ta karkata tulunta ta zuba mata rabi, Hansatu ce. Ita da ta binne 'ya saboda ruwa.

Na ɗaga kai na hango Tabawa tana dawowa. Zara'u, na yi shekaru ina neman abin da ya shiga raina a lokacin. Wani lokaci in ce tsoro ne, kada ta ce na bari an karya doka a hannuna. Wani lokaci in ce so nake ta gan ni ta yaba. Wani lokaci in ce Sani nake tunani da ƙyanda. Ban sani ba. Na dai fizge salkar daga hannun matar, na juya bakinta ƙasa, na zazzage ruwan a kan yashi. Wasu mata suka yi dariya. Na ji dariyar, kuma ta yi mini daɗi na ɗan lokaci.

Matar ba ta zage ni ba, ba ta ko dube ni ba. Ta durƙusa ta kwance ɗankwalinta, ta danna shi a kan yashin da ya jiƙe, ta matse a bakin yaron. Ta sake dannawa, ta sake matsewa. Dariya ta tsaya.

Tabawa ta iso ta ce, "Wa ya zubar da ruwa?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Ta ce, "Na ce kada a ba su. Ban ce a ba ƙasa ba." Ta tsula mini tsumagiya sau ɗaya a dantse. Sannan ta juya ta kori matar, ba ta ba ta ko guga ɗaya ba.

To ki gaya mini, laifin wa ke nan? Ba ta umarce ni ba, har dukana ta yi a kai. Amma na san a gaban tabarmar Ya Falmata hannuna ba zai taɓa yin haka ba, ko da a mafarki. Ni ce dai Mairo ɗin, da sallata da kunyata, wata biyu kawai tsakani. Abin da zan iya ce miki a nan shi ne, waɗanda suke ƙarƙashinki ba maganarki kaɗai suke ji ba, fuskarki suke karantawa, kuma za su wuce inda kika tsaya don su faranta miki. In kika nuna kin tsani wani yaro, mai dafa abinci za ta rage masa ludayi ba ki ce ba. In kika ga mutanenki sun daina yi miki tambaya, kada ki ɗauka biyayya ce ta cika, ki ji tsoro. Kuma duk sunan da aka laƙa wa wasu mutane a jimla, ki hana shi tun a bakin farko.

Da la'asar ɗin ranar na je gidan Ya Falmata, karo na farko tun da na miƙa igiya. Na iske ta tana ɗora ɗan tulu a ka. Ashe kullum raba rabonta take yi biyu, ta kai rabi gindin duwatsu da ƙafarta, ba wanda ya sani. Na durƙusa na gaya mata duka, har da tulun Asabe. Na ce, "Iya, ke ce mai gaskiya, mu muka ɓata."

Ta sauke tulun ta zauna. Ta ce, "Mairo, a hannuna yarinya ta mutu, mun ga gawarta, mun yi mata sadaka. A hannun Tabawa waɗanda suke mutuwa ba ma ganin gawarsu. Ban san wadda Allah zai fi tambaya cikinmu ba. Kada ki nemi wanki a wajena. Je ki nemi matar."

Ban je ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, don a nan ba tsumagiya, ba layi, ba mai kallona. Na ce gobe, gobe ta yi na ce kunya nake ji, na ce kada Tabawa ta ji labari, na ce kada in kwaso wa Sani ƙyanda. Sai ran kwana takwas na ɗauki tulu na tafi. Na tarar rabin bukkokin babu su, sai duwatsun murhu. Wani tsoho mai jin Hausa kaɗan ya ce mutane da yawa sun yi kudu. Na ce mace ce mai goyo da yaro ɗaya a hannu. Ya ce mata masu wannan kama suna da yawa, wasu sun tafi da 'ya'yansu duka, wasu sun bar ɗaya a nan ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "Yaya sunanta?" Ban san sunanta ba. Na bar masa ruwan na dawo.

In kin ɓata wa wani, ki je ran nan, ko da ba ki san abin da za ki ce ba. Mutanen da ke cikin wahala ba sa zama wuri ɗaya su jira ki shirya.

Da damina ta sauka, komai ya koma kamar ba a yi ba. Rijiyoyi suka kawo, aka koma gaisuwa. Na ga Tabawa da Ya Falmata a gidan suna ɗaya suna cin goro daga faranti ɗaya. Ba wadda ta sake tayar da maganar cikinmu, har Ya Falmata ta rasu. Hansatu tana gaishe ni kullum, ba ta taɓa tuna mini ba, ni ma ban taɓa iya duban idonta sosai ba.

Na so in rufe wasiƙar nan da cewa ki zama kamar wance, kada ki zama kamar wance. Na kasa. In na ce ki yi sanyi, ina tsoron yaro mai kunya zai koma gida da kwano wayam. In na ce ki yi zafi, ina tsoron abin da mutanenki za su zama a bayanki. Babanki, da na ɗan taɓa masa maganar, ya ce ai sai a haɗa biyun. Faɗa da sauƙi. Ban taɓa ganin wanda ya haɗa su ba a ranar da abinci bai isa kowa ba. Wataƙila ke da kika yi karatu za ki ga hanyar da ban gani ba. Abin da na sani kaɗan ne: ki san sunan kowane yaro da ke layin abincin nan, har 'ya'yan baƙi da za su zo, don za su zo. Ki ci bayan kowa ya ci. Ki bar mutum ɗaya kusa da ke wanda zai iya ce miki kin yi kuskure ba tare da ya ji tsoro ba.

Abu ɗaya ya rage. Bukkoki sun sake fitowa a gindin duwatsu tun watan jiya, famfo kuma ya koma halinsa. Shekaranjiya mai unguwa ya aiko wajen babanki, ya ce mata sun fara faɗa a rijiyar bayan masallaci, kuma an yi shawara an ce ni ce babba a yanzu, mai natsuwa, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba, in riƙe musu. Haka suka ce, wadda ba a taɓa jin ta da kowa ba. Sun ba ni zuwa Juma'a. Jiya na zaga wurin da tuluna, na tsaya a ƙarshen layi ina kallo. Akwai wata baƙuwa a gabana da salka. Na tambaye ta sunanta, ta ce Tekna. Ban san abin da zan ce wa mai unguwa ba tukuna, amma ina jin zan karɓa, kuma ina jin tsoro.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare yaran da aka ba ki amana, ya kiyaye hannunki daga abin da za ki yi nadama. Ya ba ki lafiya da abokan zama na gari, ya saukar mana da ruwa mai albarka a ƙasar nan duka, ya yafe mana abin da muka sani da wanda muka ɓoye. Ki sa ni a addu'a kamar yadda nake sa ki.

Mahaifiyarki,
Mariyama